Rediyon Gidanmu Ta Yi Shiru

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Malam. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta miki, ɗinki kuma yana tafiya. Mu nan da sauƙi za a ce.

Na san kin ga takarda kin ce yau kuma me ya sami Auta, mutumin da ko sunansa ƙyuyar rubutawa yake yi. Dole ce ta sa. Ba na iya kara waya a kunne, saƙon waya kuma kin ce rubutunsa ƙanana ne, ba kya gani. Shi ya sa na ba direban kamfaninmu da ke bi ta wajenku ya miƙa miki wannan a shago.

Kin san aikina a gareji, tayoyin manyan motoci. Ƙa'ida ita ce a sa taya cikin kejin ƙarfe kafin a ba ta iska. Amma mu masu faci muna da wata ɗabi'a. Idan muna zargin taya tana sace iska, ba ma jiran a kawo ruwan sabulu, sai mu kara kunne mu saurara. Haka aka koya mini, haka kowa yake yi. Ranar na durƙusa a bakin kejin na kara kunnen dama ina sauraro, sai taya ta tashi. Keji ya tare ƙarfen, shi ya sa kike karanta wasiƙata ba saƙon rasuwata ba. Ƙarar kuwa gaba ɗayanta a kunnena ta sauka.

Likita ya leƙa ya ce dodon kunne bai fashe ba, ya ba ni magani ya ce in huta. Masu zuwa dubiya sai su yi ta ɗaga murya, sun ɗauka kurumcewa na yi. Ina ma haka ne. Yaya, ji ne ya yi mini yawa. Cokali ya taɓa faranti, sai in ji kamar an soka mini allura har cikin muƙamuƙi. Famfo, sakatar ƙofa, ko leda aka murza, duk abokan gabana ne yanzu. Ga kuma wani kuka irin na gyare a cikin kunnen, ba ya ɗaukewa.

Maman Rediyo ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta naɗe bakin ƙofofi da tsumma, ta kwashe cokulan ƙarfe ta sayo na roba, wanke-wanke ma a gidan maƙwabta take yi. Magana tsakaninmu ta koma ta hannu da ido.

Wadda ta gagara ita ce 'yarki. Ke kika sa mata Rediyo, kin san dalili. Daga buɗe ido take kamawa. "Baba, me ya sa kaza ba ta da haƙori? Baba, ita ma tayar ta ji zafi da ta fashe?" Muryarta siririya ce, ita ta fi kowace ƙara shiga. Jiya ta faɗo jikina tana ƙyalƙyala dariya, ban san lokacin da na ture ta na dafe kai ba. Ta tsaya tana kallona, yarinyar da ko harara ban taɓa yi mata ba. Wallahi da akwai inda ake ajiye murya, da na kai tata ajiya har in warke.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, direban ya same ni da allura a baki. Muna nan lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Malam yana yi maka sannu, ya ce Allah ya sa kaffara ce.

Na karanta na yi kuka. Da na share hawaye kuma sai na ji kamar in zo in ja maka ɗaya kunnen da ya rage. Kai yanzu da girmanka, da gemunka, ka rasa abin da za ka kara wa kunne sai tayar da ta fi ka nauyi? Tun kana yaro haka kake, duk ƙofar da aka rufe sai an tarar da kunnenka a jikinta. To ga shi ka saurari wadda ta ba ka amsa.

Maganar Rediyo kuwa, na gane. Ni na goye ka bayan rasuwar Inna, na san ba ka iya roƙo kai tsaye, sai ka yi ta kewaye-kewaye. Ka ce da akwai inda ake ajiya. To akwai, gidana ne. Yarana duk sun watse, ɗaki yana nan fanko, kekena kuma yana ƙara daga safe har yamma. Ta zo ta yi surutunta mu ga wanda zai fara gajiya tsakaninta da shi. Akwai makaranta a bayan layinmu, zan sa ta. Malam zai shigo sarin yadi, zai biyo ya ɗauko ta. Na riga na kira mamanta na gaya mata kai ka nema, na kuma ce kada ta tayar maka da maganar, nauyinta kake ji.

Kai dai ka toshe kunnen nan da kyau ka shige ɗaki. Kada ka bari ko sauro ya yi maka kuka.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan Malam ya iso lafiya, kuma 'yar tafiyar ba ta wahalar da shi a mota ba. Jikina yana nan yadda kika sani, ko ma in ce abin ya ƙaru.

Malam ya riga takardarki isowa. Ina asibiti ya zo. Na dawo na ga babu takalmanta a bakin ƙofa, babu jakarta a jikin ƙusa. Na tambayi mamanta da hannu, sai ta matso ta raɗa mini, "Ai kai ka ce a zo a ɗauke ta." Ta faɗa ba ta kalle ni ba, idanunta sun kumbura. Sai da direba ya kawo takardarki na fahimci yadda aka yi.

Ban nema ba, Yaya. Magana ce irin ta mai ciwo, wadda ake faɗa don a ji sanyi. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na zauna a bakin gado na ji gidan tsit, sai na ji kafaɗuna sun sauka. Daɗi na ji. Wannan jin daɗin ya fi ciwon kunnen damuna, don ban san irin uban da zai ji daɗin tafiyar 'yarsa ba sai da na zama shi. Tunda ta riga ta zo, ta zauna har in ɗan samu.

Na bi shawararki. Ina cusa auduga, in ɗora marufin kunnen da aka aiko mini daga gareji a kai, in shige ɗakin ciki in rufe. Amma abin mamaki, gaba abin yake yi. Da cokali ne, yanzu har taunar da nake yi da bakina. Wannan biron da nake rubutu da shi, jin tafiyarsa nake a kan takarda kamar ana kankare tukunya. Maman Rediyo ta cire awarwaronta, tafiya take yi ba takalmi, kuma duk da haka sai ta ga na yamutsa fuska. Idan za ta kira ki sai ta fita bakin titi. Ta dawo ta ce, "Tana gaishe ka," ta shige kicin. Ta ƙi yarda cewa ba ni na nema ba, ni kuma ba ni da kunnen da za mu zauna mu yi doguwar magana.

Ki yi mini abu ɗaya. Ki riƙa rubuto mini tambayoyin da Rediyo take yi miki, kamar yadda ta faɗe su. Ko a takarda ne in ji ta.

Auta

*

Auta,

Ka yi haƙuri da shiruna. Ɗinkin kayan makaranta ne ya rufe ni, ko kai ba na ɗagawa. Muna lafiya, Malam mura ce ta ɗan taɓa shi amma ya tashi. Yaya kunnen? Tunda ka ce gaba yake yi, to audugar ce ba ta isa ba, ka ƙara.

Bari in ba ka labari mai daɗi. 'Yarka ta zama mutum.

Da farkon zuwanta ta so ta haukata ni. Kuka, ƙin abinci, da tambaya ɗaya tal: "Gwaggo, yaushe zan koma?" In ina aunawa ita ce, in ina yanka ita ce, har na kusa ɓata yadin mutane. Rannan na ajiye almakashi na zaunar da ita a kan cinyata. Na ce, "Kin ga, kunnen Babanki ba ya son surutu. Duk ranar da kika kama bakinki, sai ya ƙara samun sauƙi. In ya warke sai ki koma." Sai ta ce, "Ko ina nan ma yana ji?" Na ce, "Ƙwarai kuwa. Uba yana jin 'yarsa ko'ina take."

Auta, kamar an yi ruwa an ɗauke. Tun daga ranar ba ka jin motsinta. Ta dawo daga makaranta ta cire kaya, ta zauna a gefen keke tana tsince ƙyallaye tana jera su kala-kala. Masu kawo ɗinki sai su ce, "Wannan 'yar wace ce mai natsuwa haka?" In ce ta ƙanina ce, da kun san ta a da, da ba ku yarda ba. Abin da ya gagare ku kai da uwarta, ni na yi shi cikin ruwan sanyi, ko tsawa ban yi ba.

Tambayoyin da ka ce in rubuto maka kuwa, ai babu su yanzu. Ka kwantar da hankalinka, ka ji da kanka.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya ba ki ikon sauke ɗinkin mutane. Ni kam a karo na farko zan iya ce miki da sauƙi, kuma sauƙin gaske.

Kamfani ya tura ni babban asibiti, sashen kunne. Likitar mace ce. Ta ga na shigo da auduga da marufi kamar mai shirin shiga rami, ta tambaye ni tun yaushe nake haka, kuma ko a gida ma. Da na gaya mata sai ta girgiza kai. Ta ce, "Malam, kai kake ƙara wa kanka. Wanda ya daɗe a ɗaki mai duhu, ko hasken ashana sai ya kashe masa ido. Haka kunne yake." Ta ce in toshe kawai a inda ƙara ta yi yawa da gaske, kamar gareji ko kusa da janareto. A gida kuwa in bar ƙara ta shigo kaɗan-kaɗan, har kunnen ya daina tsoro.

Ba abu ne mai sauƙi ba. Ranar da na fara cire audugar, gumi na yi ta yi. Na fara da fanka a mafi ƙarancin gudunta. Daga nan na koma zama a bakin ƙofa da hantsi, ina jin masu wucewa. Na buɗe famfo da hannuna na tsaya a gabansa ina cije baki. Wani lokaci sai in ga na yi gaba, sai murfin tukunya ya suɓuce wa Maman Rediyo, in koma ɗaki in kwanta da ciwon kai har washegari. Gyaren nan yana nan, likita ta ce mai yiwuwa ya zauna, amma zan saba har in riƙa mantawa da shi. Wurin aiki sun mayar da ni sito, ina ba da kaya. Faci dai na bar shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na karanta takardarki na sake karantawa. Rediyo ce ba ta tambaya? Na nuna wa mamanta, sai ta ce ai ta daɗe tana lura, idan kin ba yarinyar waya da ƙyar take jin abin da take cewa, ta ɗauka layin ne ba shi da kyau. Yaya, wannan ba natsuwa ba ce. Yarinyar nan duk abin da babba ya gaya mata haɗiye shi take yi ɗungurungum.

Don Allah ki gaya mata ba haka ba ne. Ki ce mata ba na jin ta daga nan, kuma ba ita ta sa mini ciwo ba. Sannan a dawo mini da ita. Likita ma ta ce muryar yaro tana cikin abin da ya kamata kunnena ya saba da shi.

Auta

*

Yaya,

Lafiya kuwa? Direba ya ce hannu da hannu ya ba ki takardata, ya sake komawa sau biyu kika ce ba ki rubuta amsa ba. Mamanta ta kira, kin ce tana makaranta, ta sake kira kin ce ta yi barci. Ki gaya mini gaskiya ko mene ne.

Auta

*

Auta,

Lafiyarta ƙalau, kada ka tsorata. Mu ma muna nan. Ban amsa ba ne don na so in gyara abin kafin in rubuto, in dawo maka da ita yadda na karɓe ta. Ban iya ba.

Kafin takardarka ta zo, malamar ajinsu ta biyo ni har shago. Ta ce yarinyar nan ko an kira sunanta hannu kawai take ɗagawa, in an ce a yi waƙa baki take motsawa babu murya. Na ce mata kunya ce, na sallame ta. Bayan nan rannan ina gugar wata riga, na fita karɓar saƙo, na bar dutsen guga a tsaye. Da na dawo na gan ta a bayan ƙofa ta cusa gefen rigarta a baki, hawaye yana zuba. Na jawo hannunta na ga dutsen ya ƙona mata yatsu biyu, har sun tashi. Auta, ƙofa ce kawai tsakanina da ita, ban ji komai ba.

Da takardarka ta zo na yi murna, na ce ga magani. Na kira ta na ce, "Albishirinki, Babanki ya sami sauƙi, har ya koma aiki." Na zaci za ta yi tsalle ta cika gidan da ihu. Sai ta yi murmushi, ta matso ta raɗa mini, "Gwaggo, kin gani? Yana aiki."

Na ce mata wasa na yi, ba ya jin ki daga can, likita ce ta ba shi sauƙi. Ta kalle ni kamar yadda ake kallon mai son ya yaudare ka. A wurinta magana ta fito fili: ta yi shiru, ka samu. Me zan ce da zai fi wannan? Na yi lallashi, na yi alkawarin 'yar tsana, na tara mata yaran layi su yi ta ihu a tsakar gida, ta koma gefe tana yi musu alamar su yi shiru. Har tsawa na yi mata ko za ta fashe da kuka. Ta yi kukan, amma ba sauti.

Malam ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba tun aurenmu, ban ce uffan ba. Ni da bakina ba ya mutuwa.

Zan kawo ta da kaina. Na rufe shago. In ka ga dama ka karɓe ni, in ka ga dama ka bar ni a bakin ƙofa.

Yayarka

*

Yaya,

Ina fatan kin koma lafiya, kuma zaman mota bai tayar miki da gwiwa ba. Ki daina cewa in yafe miki. Kin ga na karɓe ki, kin ga mamanta ma ta sauko. Ni na fara ture ta kafin kowa ya ce mata komai.

Kunne yana ƙara sauƙi. Na kwance tsummokaran ƙofofi, an fito da cokulan ƙarfe. Har yanzu ƙarar faranti tana tsinka ni, amma yanzu na koyi riƙe fuskata, don duk abin da ya faɗi a gidan nan ni take fara kallo. Ina yin abubuwa da gangan a gabanta. In buga ƙofa, in kunna fanka har ƙarshe, in ƙwala wa mamanta kira daga ɗaki. Likita ta ce in kai ta wurin masu duba yara su gan ta, ta ce irin wannan yakan warware amma kada a matsa mata. Za mu je.

Tana cin abinci, tana wasa, tana bi na duk inda na shiga. In na tambaye ta abu sai ta gyaɗa kai ko ta raɗa wa mamanta ta gaya mini. Na yi mata tambayoyi irin nata ko za ta tanka. Na ce, "Wai me ya sa jirgi ba ya faɗowa?" Na ga amsar ta zo mata har baki, ta haɗiye.

Yau da safe kafin in fita aiki, ina zaune a bakin ƙofa ina ɗaura takalmi. Ta zo ta tsaya kusa da ni. Na ce, "Rediyo, kunnena ya warke. Wallahi ina kewar muryarki. Ki ce mini wani abu, ko mene ne, da ƙarfi."

Sai ta hau cinyata ta durƙusa, ta sa tafukanta biyu ta toshe mini kunnuwa, ta danne da iyakar ƙarfinta. Sannan ta fara magana.

Yaya, ta yi magana. Ina ganin bakinta yana tafiya ba tsayawa, irin na da, gira tana sama, kai yana juyawa, har da dariya a tsakiya. A wani wuri idanunta suka ciko, ta ci gaba. Duk abin da ta tara tun ranar da Malam ya tafi da ita, yau ta juye mini shi. Murya ce a ƙasa-ƙasa, hannuwanta kuma a kunnena, ba abin da nake ji sai gyaren nan.

Ban cire hannunta ba. Na zauna ina gyaɗa kai har ta gama, ta sauka ta tafi wanke baki.

Ban san me ta ce ba.

Ƙaninki,
Auta